Zagayen Gberefu da ƙafa: daga kwatar Badagry zuwa ƙauyukan masunta

Mu shida muka yi wannan tafiya wata Asabar cikin Disamba, dukkanmu mazauna ɓangaren Ojo, tsakanin Alaba Rago da Okokomaiko. Zagaye ne na ƙafa a kan zirin yashin da ya raba garin Badagry da tekun Atlantika. Ana ƙetara ruwa zuwa Gberefu, a bi tsohuwar hanyar bayi har bakin teku, a miƙe yamma a kan gaɓa a ratsa ƙauyukan masunta biyu, sannan a juyo ta gonakin kwakwa a dawo kwatar da aka sauka. Wayoyinmu sun ƙirga kilomita 11 da 'yan kai. Babu tsauni babu dutse, duk mai lafiyar da ya saba taka ƙafa zai iya. Abin da ya ɗaure mana kai kafin mu tashi shi ne duk wanda muka tambaya sai ya ba mu labarin gidajen tarihi, amma babu mai cewa ƙarfe nawa ya kamata a kasance a bakin ruwa, kuɗi kashi nawa ake biya, ko wa ake gaisarwa kafin a ratsa ƙauye.

Shiri ya fara da zaɓen rana, kuma teku ne ke zaɓarta. A gaɓar Legas ruwa yana cikowa sau biyu, yana janyewa sau biyu a kwana da yini. Tsakanin cika da cika sa'a 12 ne da kusan minti 25, don haka lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50 kowace rana. Bambancin tsayin ruwan kusan mita ɗaya ne kawai, amma wannan mita ita ke buɗe ko ta rufe zirin jiƙaƙƙen yashi mai tauri wanda ƙafa ba ta nutsewa a cikinsa. Mai bin lissafin wata ya samu sauƙi, domin a tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu ne ruwa ya fi cika ya kuma fi janyewa. Mun duba jadawalin cika da janyewa na Legas a intanet, muka nemi Asabar da ƙarshen janyewa zai faɗo da hantsi. Wadda muka samu tana daf da tsakiyar wata, janyewa wajen ƙarfe 10:30. Ƙa'idar da muka bi ita ce tafiyar gaɓa duka ta shiga tsakanin sa'a biyu kafin wannan lokaci da sa'a biyu bayansa. A shekara kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba, damina ce, teku yana fushi, hanyoyin gonaki suna kwanciya da ruwa.

A kaya, ruwa ne kan gaba. Kowa lita uku, wato ruwan leda shida, amma mun juye a goruna saboda leda tana fashewa a jaka. A gora ɗaya ta daban muka haɗa ruwan gishiri da sukari yadda ake koyarwa a asibiti: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Iskar Legas cike take da laima, gumi ba ya bushewa a jiki, wanda ya saba da busasshen zafin Arewa yakan raina ƙishin nan har sai kai ya fara sara. Guzuri dabino ne da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da burodi. Kilishi mun bar shi a gida don yajinsa ƙishi yake ƙarawa, fura da nono kuma ba ta kai azahar a wannan zafi. Sai kambas mara nauyi da safa ta ajiya, malfa, riga mai dogon hannu mara kauri, basilin, filasta, ƙaramar darduma, ledar da za a ƙulle waya, da fawa bank. Kowa ya zuba naira 15,000 a hannun mutum ɗaya, muka canza tun daga gida zuwa 'yan 500 da 200, domin a ƙetaren ruwa ba a dogara da tura kuɗi ta waya, canjin dubu ma wahala yake.

Bayan sallar asuba muka hau bas a Okokomaiko, ta tashi ƙarfe 6:15. Mai zuwa daga Agege ko Mile 12 ko Obalende sai ya ƙara wa kansa aƙalla sa'a ɗaya da rabi. Daga Okoko hanya ɗaya ce: Ijanikin, Agbara, Oko Afo, Mowo, Ibereko, sai shataletalen Badagry. Ita ce ke kaiwa iyakar Seme, saboda haka akwai shingayen jami'ai da dama. Sau biyu aka tsayar da mu, a ɗaya aka ce kowa ya nuna shaida. Takardar NIN, katin zaɓe, lasin tuƙi ko fasfo, kowanne ya wadatar, kuma asalin kati ya fi hoton cikin waya saurin sallama. Bai ɗauki minti biyar ba, don kowa nasa yana aljihun gaba. Kada a sa wuƙa a jakar guzuri, tambaya take jawowa. Takwas saura kwata muka sauka, keke ya kai mu Marina cikin minti goma.

A nan muka fi ruɗewa. Marina titi ne da ya bi bakin ruwa, gidajen tarihi a gefe guda, kwata a ɗaya gefen. Kafin mu sauke jaka mutum huɗu sun kewaye mu, kowa da farashinsa, wani yana cewa nasa har da komai. Muka ja gefe wajen wani mai shayi, dattijo Bahaushe da ya daɗe a garin, muka zauna muka tambaye shi. Ya ce, "Samari, ku raba abin gida huɗu. Kuɗin fito daban, kuɗin shiga tsibiri daban, na ɗan jagora daban, kowane gidan tarihi kuma da tikitinsa. Duk wanda ya ce muku har da komai, ku ce ya lissafa ɗaya bayan ɗaya." Muka ce, "Baba, fiton fa, kujera ko shata?" Ya ce, "Ku da za ku yini a can, shata. Amma ku riƙe rabi sai ya dawo da ku." Gaskiyarsa. Kujera ta fi araha, sai dai jirgi ba ya tashi sai ya cika, kuma babu tabbacin samun wani da la'asar. Muka yi ciniki da mai fito ɗaya a kan zuwa da dawowa, muka ba shi rabi, muka karɓi lambarsa muka kira a gabansa har wayar ta yi ƙara. Batun jagora ma akwai abin lura. Masu rakiyar da ke Marina yawanci yarjejeniyarsu tana ƙarewa a bakin teku, su ba da tarihi su juyo. Mai son zagaye sai ya faɗa tun farko cewa yana neman ɗan tsibirin, mai jin Egun, yaren mutanen yankin, wanda zai yini da shi. Mai fiton ne ya kira mana wani. Duk wannan ya cinye mana minti 40 da ba sa cikin lissafi.

Tara saura minti goma muka shiga jirgi. Doka ce a jihar Legas kowane fasinja ya sa rigar kariya, hukumar hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, ita ke sa ido, kuma an hana fito da dare. A duba maɗaurin rigar kafin a sa. Biyu daga cikin waɗanda aka miƙo mana maɓallinsu ya karye, muka ce a canza, aka canza ba gardama. A ɗaure ta tam, yadda in an ja kafaɗarta sama ba za ta wuce kunne ba. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiyar jirgi, jaka a ƙasa tsakanin ƙafafu. Ruwan nan kogin Badagry ne mai kwanciya, wanda ya haɗe da ruwan Porto-Novo ta yamma da na Legas ta gabas, ƙetare shi 'yan mintuna ne. Abin da ke kawo tsaiko shi ne kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda ta fara shigowa Nijeriya ta wannan kogi daga Jamhuriyar Benin a 1984. Bayan damina takan rufe fuskar ruwa kamar gona, sai rani ya yi nisa gishiri ya ƙaru take mutuwa. Sau biyu mai fito ya kashe inji, ya ɗaga farfela, ya cire saiwoyin da suka naɗe ta da hannu. In haka ta faru kowa ya zauna inda yake, kada a taru a leƙa gefe ɗaya.

A kwatar Gberefu muka biya kuɗin shiga, muka karɓi rasit, muka haɗu da jagoranmu. Daga nan hanya ta miƙe kudu, farin yashi tsakanin ciyawa da kwakwa, tafiyar kusan rabin sa'a. Ita ce hanyar da ake kora bayi zuwa jiragen da ke jira a teku. A tsakiyarta akwai wata ƙaramar rijiya da aka kewaye bakinta, ruwanta ya yi duhu, busassun ganye suna yawo a kai. Mutanen wurin suna cewa a nan ake tilasta wa bayi shan ruwan da aka yi wa asiri don su manta gida. Mun daɗe a bakinta babu mai magana. Ɗan Arewa ba baƙo ba ne a wannan labari. A farkon ƙarni na 19, Hausawa da yawa da yaƙe-yaƙe suka rutsa da su an gangaro da su an sayar a tashoshin wannan gaɓa, irin su Badagry da Legas da Wida, aka kai su Bahiya a ƙasar Birazil, inda bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807, bayi Musulmi kuma suka yi bore a birnin Salvador a 1835. Ta Badagry ne kuma Turawan Birtaniya Clapperton da Richard Lander suka kama hanya a Disamban 1825 suka nufi Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can Clapperton ya mutu a 1827. Kafin ka ga teku za ka ji shi, wani ruri mai zurfi kamar hadari daga nesa, sai yashi ya ɗan tashi, ka hau, ruwa ya buɗe a gabanka iyakar ganinka. Nan ake kira Point of No Return, inda in an wuce ba dawowa. Ƙirjina ya yi nauyi, na kuma ga haka a fuskar sauran. Muka yi wa waɗanda suka bi ta nan addu'a, muka ƙara ɗaure takalma.

A nan yawancin baƙi ke juyawa, mu kuma ƙarfe 9:45 muka nufi yamma, don rana ta kasance a bayanmu, teku a hannun hagu. Gaɓar hawa uku ce. Can sama busasshen yashi ne mai laushi, ƙafa tana nutsewa har idon sawu, ƙarfin da tafiya ke ci a kansa ya ninka na ƙasa mai tauri sau biyu ko fiye, da ƙyar ake yin kilomita biyu da rabi a sa'a. Can ƙasa inda raƙumin ruwa ke fashewa, yashin ya jiƙe sharkaf, yana zamewa ƙarƙashin diddige. Tsakaninsu akwai ziri mai duhu wanda ruwa bai daɗe da janyewa daga kansa ba, sawu yana fita a kai amma ba ya zurfi. Nan ake bi, a nan muka riƙa yin kusan kilomita huɗu a sa'a. Zirin a karkace yake zuwa ruwa, ƙafar hagu tana ƙasa da ta dama, bayan sa'a guda idon sawu da gwiwa sukan fara ciwo. Maganinsa a gajarta taku, duk minti 20 kuma a hau sama a ɗan taka inda ya daidaita. Kada yashin ya rinjayi mutum ya tuɓe takalmi, a layin da ruwa ke zubar da shara akwai fasassun kwalabe da katako mai ƙusa.

Ido kuwa kada ya bar ruwa. Raƙuman ba girmansu ɗaya ba, bayan ƙanana da yawa sai manya biyu ko uku su zo a jere su haura fiye da inda aka zata, kuma in za su koma sai su kwashe yashin da kake tsaye a kai. Wanka kada a soma. Ba mu ga mai ceto ko ɗaya a tsawon gaɓar ba. Inda ka ga ruwa ya lafa ya yi duhu tsakanin farar kumfa biyu, wurin da ya fi jan ido, nan ne magudanar da ruwa ke komawa teku da gudu. Wanda ya iya iyo a kogin Kaduna ko a Tiga kada ya ɗauka ya iya wannan. Jagoranmu da aka haifa a bakin ruwan bai bari ya wuce masa idon sawu ba.

Bayan kamar kilomita biyu da rabi muka iso ƙauyen farko, bukkokin ganyen kwakwa, manyan jiragen katako masu fenti an jawo su kan tudu an tokare da gungume. Muka tarar ana jan taru. Jirgi ya riga ya zagaya da shi cikin teku tun sassafe, igiyoyinsa biyu suna gaɓa, kowace maza da samari sun jeru sun kama, sun jingina baya suna ja taku ɗaya-ɗaya bisa waƙa. Wanda ya kai ƙarshen layi sai ya saki ya dawo gaba ya sake kamawa, wani yaro yana naɗe igiyar da ta fito, mata suna zaune da manyan kwanoni suna jira. Kada a tsallake igiyar, kada a bi ta ƙarƙashinta. A miƙe take tamau, in raƙumi ya fizgi tarun takan yi bulala, ban da haka masu ita ba sa so. Ana hawa sama a zagaya ta bayan mai naɗi, ko da za a sha yashi mai laushi. Mutanen Egun ne akasari, da masunta 'yan asalin Ghana da suka daɗe a gaɓar, amma gaisuwar Yarbanci ta "e ku ise", wato sannu da aiki, kowa yana amsa ta. Hoto sai an tambaya. Mun tambaya, aka ce jirage a ɗauka, mata a bari, muka tsaya a nan.

Ƙauye na biyu yana gaba da kusan kilomita biyu. Mun isa sha biyu saura kwata, ruwa ya juyo, ziri ya fara ƙanƙancewa. Tunda a nan za mu bar gaɓa mu ratsa gidaje da gonaki, sai da muka fara gaida mai gari, wanda suke kira Baale. Wannan mataki ba ya cikin kowane tikiti, kuma a ganina shi ya fi kowanne muhimmanci. Jagora ya yi mana iso, muka jira minti 20 a inuwa, dattijon ya fito. Babbanmu ya yi bayani ana fassarawa: daga ina muke, mu nawa ne, ina za mu bi, yaushe za mu fita. Muka miƙa 'yar gaisuwa a ambulan da hannu biyu, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya ƙayyade. Ya sa aka nuna mana wurin zama, ya gaya wa jagora wata hanya da za mu kauce wa. A garuruwan Egun akwai Zangbeto, dodon gargajiya mai suturar zaren tukurwa da ke tsaron gari da dare, yana da ɗakinsa. Duk inda aka ga an ɗaura ɗanyen ganyen kwakwa ko farin ƙyalle a bakin hanya, ba a shiga, ba a ɗaga waya. Ba addininmu ba ne, amma garinsu ne, baƙo kuwa raɓa ne.

Kafin a shimfiɗa darduma a ɗaga kai a duba. Ba a zama ƙarƙashin kwakwa mai 'ya'ya, ƙwallo ɗaya yakan haura kilo, kuma daga tsayin bene yake faɗowa. Kowace bishiya da mai ita, Badagry ce cibiyar kwakwa a jihar Legas, abincin mutane ke nan, ko wadda ta faɗo ba a ɗauka. Muka saya aka sare mana ɗanya, muka ƙara da bandan kifi. Azahar ta shiga wajen ɗaya saura kwata. Alwala da ruwan teku ta halatta, mai tsarki ne mai tsarkakewa kamar yadda ya zo a hadisi, sai dai a ɗebo a gora a hau tudu, a kuma ɗauraye ƙafa da ruwan daɗi daga baya, domin gishiri da yashi a cikin safa su ke haifar da bororo. Alƙibla ba ta da wuyar ganewa. Gaɓar ta miƙe gabas da yamma, a sa teku a hannun dama a fuskanci gabas, sannan a karkata hagu kamar sulusin abin da ke tsakanin gabas da arewa. A kamfas ɗin waya wajen digiri 63 ne. Ƙaraminmu ya ce, "Kawu, ƙasaru za mu yi?" Kawun ya ce, "A'a, ɗana, daga Ojo zuwa nan bai kai mil 48 ba, huɗu za mu cika."

Ƙarfe 1:30 muka juya, kuma wannan rabin ne ya hana in kira zagayen mai sauƙi. Ga inuwa, amma da an bar gaɓa iskar teku ta yanke, zafi ya kwanta, yashin kuma busasshe ne duk tsawon hanya. Ana yin arewa har a hango kogi, sannan a juya gabas a bi gefensa. Hanyoyin ƙafa sun yi rassa, wasu gona suke kaiwa, wasu su ƙare a fadama, taswirar waya ba ta nuna mana ko ɗaya ba. A nan jagora ya ci kuɗinsa. A taka sawun na gaba, ko gefen hanya inda saiwar ciyawa ta riƙe yashi, ido a ƙasa saboda maciji. Kusa da kogi akwai ƙyashi ko da rana, a sauke hannun riga. Kilomita biyar ɗin nan sun ci sa'a biyu, muna tsayawa duk rabin sa'a a yi kurɓi uku ko huɗu ko ba a jin ƙishi.

Matsala biyu muka samu, duka a wannan ɓangare. Ɗayanmu ya zo da takalmin fata mai maɗauri ba safa, yashi ya shiga ya yi ta gurza, kafin ya faɗa bororo ya tashi a diddige. Da ya yi magana tun wurin yana zafi-zafi, filasta ɗaya ta isa. Muka wanke da ruwan daɗi, muka bar shi ya bushe ba mu fasa ba, muka rufe da filasta, muka shafa basilin inda maɗauri ke gogawa, aka ba shi safar ajiya. Wani kuma sharaɓa ta ɗaure masa. Ya zauna ya miƙe ƙafa, aka ja yatsun zuwa wajen ƙwauri a hankali, ya sha ruwan gishiri da sukari, minti goma ya tashi. Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne bugun zafi: ciwon kai, jiri, tashin zuciya. Duk wanda ya ji haka a tsaya nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa masa riga. In magana ta fara rikice masa a kira 112 ko 767, a kuma kira mai fito ya zo kwata mafi kusa, domin mafita a wannan ziri ta gefen kogi take.

Ƙarfe uku muka kira mai fito kamar yadda muka shirya, 3:30 muna kwata, amma sai huɗu da minti biyar ya iso, kainuwa ta toshe masa ɗaya gefen. Jiran ya yi mana tsawo, ruwan shanmu ya kusa ƙarewa, ga gajiya. Muka ƙetara, muka cika masa rabinsa, muka yi la'asar a gari. Lokaci ya ƙure, gidajen tarihi biyu kaɗai muka samu. Ɗaya kurkukun bayi ne na Seriki Williams Abass, wanda shi kansa bawa ne da aka kai Birazil, ya dawo ya shiga cinikin, ya rasu a 1919. Ɗakunan ƙanana ne, taga 'yar mitsitsiya can sama, sarƙar wuya kuma sai ka ɗaga ta da hannu biyu za ka san nauyinta. Ɗayan shi ne benen 'yan mishan da aka gama a 1845, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya. Gidan tarihin da ke tsohon ofishin D.O. na 1863 sai wani zuwan.

Da muka yi lissafi, mota ta ci ɗan fiye da rubu'in kuɗin, shatar jirgi ɗan ƙasa da rubu'i, jagora da tikitoci da gaisuwa da kwakwa suka raba saura, aka yi rarar 'yan dubbai. Farashin fito da na mota bin man fetur suke yi, a tambaya a satin tafiya. Da za mu sake, abu huɗu za mu canza. Za mu daidaita da mai fito da jagora ta waya tun ana gobe, mu ƙetara ƙarfe takwas. Za mu ƙara wa kowa rabin lita, a ɓoye ta a ƙasan jaka don jiran kwata. Za a duba ƙafar kowa tun a tasha, wanda bai zo da kambas da safa ba ya saya kafin a shiga jirgi. Gidajen tarihi kuma a ware musu rana tasu, haɗa su da zagaye yana tauye duka biyun. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini, ko mai tafe da yara, ya tsaya a ƙauyen farko ya dawo ta gaɓa kafin ruwa ya ciko, kilomita tara ke nan, mafi yawansu a yashi mai tauri. A bar Badagry kafin biyar da rabi, bayan haka gosulon Agbara da Okoko kan riƙe mutum har isha. In an isa gida a cire shimfiɗar cikin kambas a wanke shi da ruwan daɗi a daren, in ya kwana da gishiri zaren ɗinkin yana ruɓewa.